Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Kwamfutocin Shagona Za Su Riƙa Ɗiba Daga Rumbu Ɗaya?

Tambaya: Ina da shagon buga takardu a Samaru, Zariya, da kwamfuta huɗu, firinta ɗaya, da yara uku masu taya ni aiki. Idan lokacin furojet ɗin ɗalibai ya zo, filash ce ke yawo daga wannan tebur zuwa wancan, har ta kai ba ma gane wane kwafi ne na ƙarshe. Ga kuma cutar nan mai ɓoye fayiloli ta bar wa mutum shotkot. Na ji an ce ana iya haɗa kwamfutoci su riƙa ganin kayan juna. Sai da intanet ake yi? Zai ci data? Sannan wani ya ba ni shawarar in buɗe C ɗina gaba ɗaya kowa ya riƙa shiga, hakan daidai ne? Daga wani mai karatu, Samaru.

Amsa: Allah ya sanya albarka a sana'a.

Bari in fara da abin da ya shafi aljihu. Ba sai da intanet ba, kuma ba ya cin data ko ta kwabo. Intanet hanyar fita gari ce, abin da kake nema kuwa zirga-zirgar tsakar gida ce. Fayil ɗin da ya tashi daga teburinka zuwa na yaronka ko bakin ƙofar shago ba ya leƙawa, balle ya je wurin kamfanin waya a caje ka. Ko da datar rawutarka ta ƙare tun watan jiya, muddin tana kunne kuma kwamfutocin suna jone da ita, za su ga juna. Idan ka ga data tana gudu bayan an yi haɗin, to Windows ce ke ɗebo sabbin gyare-gyarenta. Waɗannan gyare-gyare kuwa kada ka hana ta su kwata-kwata, za ka ga dalili nan gaba.

Kayan da za ka saya ba su taka kara sun karya ba. Akwai wani ɗan akwati da ake kira suwic, mai ramuka biyar ko takwas, sai kebul ɗin haɗin kwamfuta wanda za ka ga an rubuta Cat5e ko Cat6 a jikinsa. Kowace kwamfuta a ja mata waya ɗaya zuwa suwic, sannan a ja wata daga suwic zuwa rawuta, domin rawutar ce ke raba wa kowace na'ura lambar gidanta, irin su 192.168.1.5. Waya ɗaya tana kaiwa mita 100 ba tare da ta rage ƙarfi ba, ka ga ke nan ta ishi kowane shago. Idan ka je saye ka nemi suwic mai gigabit. Tsohon yayi mai megabit 100 yana kwashe kimanin megabait 11 ne a sakan ɗaya, mai gigabit kuwa yana ninka wannan sau goma. Fayil mai gigabait ɗaya da zai ci minti ɗaya da rabi a tsohon, a sabon kimanin sakan goma ne, in dai faifan kwamfutar ba ya jan ƙafa. Ka kuma sa a fere maka bakin kebul ɗin ka gani, don akwai na araha da ake yi da alminiyum a shafe shi da jan ƙarfe, kuma yana saurin karyewa a wurin lanƙwasa.

Ana iya yi da Wi-Fi kaɗai, kuma idan 'yar ƙaramar rawutar aljihu gare ka wadda ba ta da ramin kebul, da shi za ka fara. Amma ni dai waya nake zaɓa wa shago. Bango yana rage wa Wi-Fi ƙarfi, na maƙwabta yana yi masa kutse, sannan babban fayil na CorelDraw ba ya son haɗin da ke yankewa a tsakiyar ajiya.

Harshen da kwamfutoci ke magana da shi wajen wannan rabo sunansa SMB. Wani injiniyan IBM mai suna Barry Feigenbaum ne ya ƙirƙiro shi a 1983, daga baya Microsoft ta ɗauke shi ta raine shi a cikin Windows. A 1992 wani ɗalibin jami'a a Kanbera ta Ostireliya, Andrew Tridgell, ya fitar da manhajar da daga baya aka sa wa suna Samba, wadda ta koya wa kwamfutocin da ba na Windows ba jin wannan harshe. Amfanin sanin haka gare ka shi ne, idan gobe aka kawo Mac ko kwamfuta mai Linux shagon, ba sai ka sake wani shiri ba. Hatta iPhone, tun daga iOS 13 da ya fito a 2019, tana iya buɗe irin wannan folda.

Yanzu ka zaɓi kwamfuta ɗaya ta zama uwa, wadda kayan za su zauna a cikinta. Ka ɗauki wadda ta fi lafiya da sabuwar Windows, kuma wadda baƙi ba sa zama a kanta. Ka raɗa mata suna gajere, kada ya wuce harafi 15, babu tazara a tsakani, misali UWA.

Sai batun C, wanda shi ne zuciyar tambayarka. A'a, Malam, kada ka buɗe shi. Na san wanda ya ba ka shawarar sauƙi yake nema maka, amma ka dubi gidan Bahaushe. Baƙo a zaure ake saukar da shi, a shimfiɗa masa tabarma a kawo masa ruwa, kuma ba wanda zai ce an wulaƙanta shi don ba a kai shi turaka ba. C ɗinka shi ne gidan baki ɗaya. A cikinsa Windows kanta take zaune, a cikinsa hotunan iyalinka suke, da lissafin cinikinka, da takardun mutanen da suka ba ka amana: wannan ya kawo fasfo a yi masa sikanin, wancan takardar asibiti, wata kuma sakamakon jarrabawa. Idan ka buɗe shi duka da izinin gyarawa, duk wanda ya zauna a kowace kwamfuta a shagon yana iya kwasa ko gogewa, da gangan ko da kuskure. Abin da ya dace shi ne ka gina zaure. Ka buɗe sabuwar folda ɗaya, ka sa mata suna AIKI, ita kaɗai za ka raba. In akwai D a kwamfutar, ko wani faifai na biyu da ba ya ɗauke da Windows, can ya fi dacewa ta zauna, don ranar da Windows ta lalace aka sake zuba wata, aikin mutane yana gefe.

Ga yadda ake yi a Windows 10 da 11. Da farko, a kowace kwamfuta ka shiga Settings, sashen Network, ka tabbatar an ɗauki haɗin shagon a matsayin Private. Idan yana kan Public, kwamfutar tana ɗaukar kanta a tasha take ko filin jirgi, sai ta ja mayafi ta ƙi kula kowa. Rabin waɗanda ke zuwa mini da kukan "ba ta gani" a nan matsalarsu take. Daga nan ka nemi Advanced sharing settings, ka kunna Network discovery da File and printer sharing. A wurin za ka ga Password protected sharing. Da yawa za su ce ka kashe shi don a huta da tambayar kalmar sirri. Ka bar shi a kunne.

Maimakon kashe shi, ka buɗe wa yaranka asusu a kan uwar, irin na cikin kwamfuta wanda ba ya buƙatar imel, kowa da sunansa da kalmar sirrinsa. In hakan ya yi maka yawa, ka yi biyu: ɗaya na masu gyara aiki, ɗaya na masu dubawa kawai. Ka lura, lambar PIN da kake buɗe kwamfutarka da ita ba ta aiki daga wata kwamfutar, cikakkiyar kalmar sirrin asusun ake nema. Sannan ka danna dama a kan foldar AIKI, ka shiga Properties, ka zaɓi Sharing, sai Advanced Sharing, ka sa alama a Share this folder, ka buɗe Permissions.

A nan zan ɗan tsaya, domin a nan ake yawan ruɗewa. Ƙofa biyu ce, ba ɗaya ba. Izinin da ke ƙarƙashin Sharing shi ne ƙofar waje, ga mai zuwa ta waya. Akwai kuma wani izinin a ƙarƙashin Security, wanda ke manne da foldar kanta, kamar ƙofar shigifa bayan ka wuce zaure. Mai zuwa daga wata kwamfutar sai ya ratsa duka biyun, kuma wadda ta fi ƙunci ita ke yanke hukunci. Idan ka ba yaro izinin gyarawa a ƙofar farko, amma a ta biyu dubawa kawai gare shi, zai buɗe fayil ya yi aikin awa guda, ya zo ajiyewa a ce masa ba shi da izini. Saboda haka duk sunan da ka sa a ɗaya, ka je ka sa shi a ɗayar. Read na nufin ya duba ya kwafa. Change a ƙofar farko, ko Modify a ta biyu, na nufin ya gyara, ya ƙara, har ya goge. Full control naka ne kai kaɗai. Sunan nan Everyone da za ka tarar a jerin ƙofar farko kuwa, ka cire shi.

An gama da uwa. A sauran kwamfutocin, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta \\UWA\AIKI, da karkatattun sanduna biyu a farko, ɗaya a tsakiya. Za ta tambayi suna da kalmar sirri, ka sa, ka ce ta riƙe. Don kada a riƙa rubuta wannan kullum, ka buɗe This PC ka zaɓi Map network drive, ka ba foldar harafi, misali Z, ka sa alama a Reconnect at sign-in. Daga ranar yaro zai riƙa ganin Z kusa da C kamar wata filash da ba a taɓa zarewa, kuma duk wanda ya buɗe ta, kwafi ɗaya tak yake gani, wanda ke zaune a cikin uwa.

Idan ta ƙi, kada ka yi saurin kiran mai gyara. A kan uwar ka buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig, ka kwafi lambar da ke gaban IPv4 Address. A ɗaya kwamfutar ka gwada da lambar maimakon suna, kamar \\192.168.1.5\AIKI. In ta buɗe, hanya lafiya lau take, sunan ne bai isa ba. In ka ga lambar ta fara da 169.254, kwamfutar ba ta samu lamba daga rawuta ba, sai ka duba waya da 'yan fitilun suwic. Rawuta takan canza wa na'ura lamba bayan an kashe an kunna, don haka yana da kyau a shiga saitinta a keɓe wa uwa lamba ɗaya ta dindindin. In kuma ka canza kalmar sirri sai wata kwamfutar ta dage a kan tsohuwar, ka buɗe Credential Manager ka goge abin da ta riƙe. Bidiyoyin koyarwa na da za su ce ka nemi HomeGroup. Microsoft ta cire shi daga Windows 10 tun 2018, kada ka wahalar da kanka.

Akwai wata shawarar da za a ba ka wadda nake roƙonka ka ƙi. Idan akwai tsohuwar kwamfuta mai Windows XP a shagon, ko injin fotokofi na hannu mai tura sikanin zuwa folda, mai yiwuwa ba za su ga uwar ba, domin tsohon harshen, SMB1, kaɗai suka iya. Sai wani ya ce ai kunna shi ake yi a Windows Features, minti biyu an gama. Gaskiya ne zai yi aiki. Amma ta wata ɓaraka a cikin wannan tsohon harshe cutar WannaCry ta bi ranar 12 ga Mayu, 2017, ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, tana neman kuɗin fansa. Ba ta jira wani ya danna komai ba, da kanta take tsallakawa daga wannan kwamfuta zuwa ta kusa da ita. A Ingila ta taɓa kusan kashi ɗaya bisa uku na hukumomin asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita kimanin 19,000. Abin da ya fi ciwo, Microsoft ta riga ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su ɗauki gyaran ba su ne suka faɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun ƙarshen 2017 Microsoft ta fara janye SMB1 daga sabbin Windows 10, alhali magajinsa SMB2 yana nan tun zamanin Windows Vista. Tsohuwar kwamfutar, ko dai a sabunta ta ko a bar ta ita kaɗai ba waya. Injin fotokofin kuma ya riƙa ajiye sikanin a filash ɗinsa ta musamman. Ita ma Windows 7 an daina yi mata gyara tun Janairun 2020, kada ta zama uwa.

Sauran magana ɗaya mai nauyi, wadda na gani da idona. Wata rana ina zaune a wani shago irin naka ina jiran a buga mini takarda, sai ga wata ɗaliba ta shigo karɓar babi na huɗu na furojet ɗinta, da kwafin da malaminta ya yi wa gyara da jan biro a hannunta. Aka buɗe Z, babu foldarta. Ashe da safe wani yaron shagon ya ga wurin ya cika, ya share wasu foldoji daga tasa kwamfutar, da tunanin in an nema zai dawo da su daga kwandon shara. Ya buɗe kwandon tasa kwamfutar, wayam. Ya ruga kan uwar ya buɗe nata, nan ma wayam. Na ga yadda zufa ta karyo masa, yana ta danna linzami a wuri ɗaya, ita kuma ta zauna a kan benci ta rasa abin cewa, sai juya takardun take yi. Yaron bai san cewa abin da aka goge ta waya ba ya shiga kwandon shara, wato Recycle Bin, ba, kai tsaye yake tafiya. Ka tara yaranka ka gaya musu wannan tun ranar farko. In har ta faru, a daina ajiye komai a kan faifan nan take, a nemi manhajar ceto a kan uwar kanta. A tsohon faifai mai juyawa akan dace, a sabon nan SSD kuwa da wuya.

Ka ga ke nan tara kaya wuri ɗaya ya magance maka ruɗanin kwafi, amma ya ɗora komai a kan faifai guda. Ranar da ya mutu, ko cutar kulle fayil ta shiga kwamfutar wani yaro mai izinin gyarawa, za ta bi Z ta kulle aikin kowa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Don haka ka sayi faifan waje guda, kowace yamma kafin a rufe shago a kwafe AIKI a kansa, a zare shi, ka tafi da shi gida. Zarewar ita ce muhimmiya, domin faifan da ke jone kullum duk abin da ya sami uwa zai same shi. Windows tana da File History da ke ajiye tsoffin kwafin fayil, ka kunna shi ma a kan uwar in kana da faifai na biyu, amma bai ɗauke maka na tafiya gida ba.

Game da mutum biyu su buɗe fayil ɗaya, Word da Excel suna da ladabi. Na farko ya riƙe, na biyu a gaya masa wani yana ciki, sai dai ya duba kawai. Wani ɗan fayil da sunansa ya fara da ~$ da kake gani wani lokaci, shaidar riƙon ke nan. Ba kowace manhaja ke yin haka ba, a wasu wanda ya ajiye a ƙarshe shi ke shafe aikin na farko. Ka kafa doka mai sauƙi: kowane kwastoma da foldarsa, kowane aiki da mutum ɗaya a kansa, kuma a daina kwafo fayil zuwa fuskar kwamfuta a gyara shi a can, don ta nan ruɗanin zai dawo ta baya.

Firintar ma haka ake raba ta. A kwamfutar da take jone, ka shiga Printer properties, sashen Sharing, ka sa alama. Sharaɗin dai kwamfutar ta kasance a kunne. In firintar tana da ramin kebul nata, ka jona ta da suwic kai tsaye, ta tsaya da ƙafarta.

Cutar shotkot kuwa za ta ragu sosai idan filash ta daina yawo tsakanin tebura, amma kwastomomi ba za su daina zuwa da tasu ba. Ka ware kwamfuta ɗaya ta karɓar baƙi, mai rigakafin cuta da ake sabuntawa, a nan kaɗai ake soka filash ɗin waje, a bincika, sannan a tura fayil ɗin aikin shi kaɗai zuwa AIKI. Duk wanda ya roƙi kalmar sirrin Wi-Fi, ka ba shi na baƙi in rawutarka tana da shi, domin wannan ba ya ganin kwamfutocin shago.

Wuta ma sai an yi mata tanadi. Idan aka ɗauke ta ana tsakiyar ajiya, fayil yana iya lalacewa, kuma uwa in ta mutu kowa ya tsaya. Ka ɗora uwar da suwic da rawuta a kan UPS ɗaya ko inbata, ko da na minti goma ne kafin a tayar da janareta. Laftof mai batir mai kyau ma tana yin uwa. Ka kuma shiga saitin wuta ka hana ta barci a lokacin aiki. Windows 10 da 11 suna karɓar haɗi har 20 a lokaci ɗaya, kwamfutoci huɗu ba su kusa da iyakar ba. In Allah ya buɗa shagon ya girma, akwai akwatunan ajiya na musamman irin na Synology, ko tsohuwar kwamfuta a zuba mata Linux da Samba.

Kada ka fara wannan aiki a tsakiyar cunkoson furojet. Ka sami ranar da shago ya yi sauƙi, ka fara da kwamfuta biyu. Ka ajiye wani fayil marar amfani a AIKI, ka shiga da asusun masu dubawa ka yi ƙoƙarin goge shi. Idan ta hana ka, ƙofofin sun zauna daidai. Sai ka shiga da na masu gyara, ka canza kalma ɗaya ka ajiye, ka koma kan uwar ka ga ko canjin ya bayyana. In duka biyun sun yi, ka ja wa sauran biyun waya.